Me ya sa ɗan wasa zai yi mako uku yana atisaye amma a ce bai kai buga minti 90 ba?

Blues_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da nake so masana horar da 'yan wasa a cikinmu su warware mana. Kulob zai sayi ɗan wasa, likitoci su duba shi su ce lafiyarsa ƙalau, ya yi mako uku yana atisaye da sauran, amma ranar wasa koci ya ajiye shi a benci ya ce bai kai buga minti 90 ba tukuna. Mutumin da ke gudu safe da yamma, me ya rage masa? Sannan ga PSG a 2025. Sun buga wasan ƙarshe na Kofin Duniya na Ƙungiyoyi ranar 13 ga Yuli, suka dawo atisaye kusan mako ɗaya kafin Super Cup na 13 ga Agusta, ba su buga wasan sada zumunta ko ɗaya ba, kuma suka ɗauke kofin a gaban Tottenham. To ashe makonni shidan nan na share fagen kaka ba dole ba ne kenan?

Koci_MaiUsur:
Wa alaikumus salam. Malam, abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai lafiya, ita likita ke dubawa: zuciya, jini, gwiwa, tsofaffin raunuka. Akwai juriya, wato huhu da zuciya su iya ɗaukar doguwar wahala. Sai na uku, ƙafar wasa, abin da a bakin fili ake cewa fitnes ɗin wasa.

Ɗan wasan babbar gasa yana cin kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, kuma mafi yawansu tafiya ce da sassarfa. Duk matashin da ke motsa jiki zai iya cin wannan nisan cikin awa ɗaya da rabi. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan guntun da ake yi da tsananin gudu, da birki, da juyawa, da tsalle, da karo da mutum, duk a lokacin da ƙwallo ta zaɓa, ba lokacin da kai ka shirya ba. A atisaye koci ne ke hura usur a huta. A wasa kana gama tsere na mita 40, numfashi bai dawo ba, an ƙwace ƙwallo, dole ka juya ka bi ɗan gefensu. Jikin da bai saba da wannan maimaicin ba zai yi minti 55 ko 60 lafiya lau, daga nan sai ka ga hannu a ƙugu, ba ya komawa baya, fas ɗinsa na tsayawa a hanya.

MalamLissafi:
Bari in sa lamba a kan maganar Koci. Rigar nan mai kama da ƙaramar shimi da 'yan wasa ke sawa a ciki tana ɗauke da na'urar GPS a tsakanin kafaɗu. Yawancin ƙungiyoyi suna ƙirga duk gudun da ya wuce kilomita 19.8 a awa a matsayin gudu mai ƙarfi, wanda ya wuce 25.2 kuma tsere ne. A mita, 5.5 kenan da 7 a daƙiƙa ɗaya. Idan koci ya ce sabon ɗan wasa bai shirya ba, galibi waɗannan lambobin ya duba: mita nawa na tsere ya tara a makonnin baya, idan aka gwada da abin da gurbinsa ke nema a cikakken wasa. Ɗan baya na gefe da ɗan gaba na gefe su ne kan gaba a tsere, ɗan tsakiya ya fi kowa jimillar nisa, mai tsaron baya na tsakiya ya fi kowa ƙaranci in an cire gola.

Bakatsine_77:
Ni dai a ganina duk wannan na'urorin sun sa 'yan wasa laushi. A da sai a kai su tudu ko rairayi su yi gudu har sai sun galabaita, kuma su buga kaka guda ba ciwo. Koci Felix Magath da tudunsa da ƙwallayensa masu nauyi ya ci Bundesliga da Wolfsburg a 2009. Atletico ta Simeone sun yi shekaru suna hawan tudu a sansaninsu. Ko Conte a Tottenham, a Seoul a 2022, kowa ya ga yadda Kane da Son suka zube a ƙasa bayan tsallaka fili kai da komowa.

Koci_MaiUsur:
Alhaji Bakatsine, gudun tudu yana da amfaninsa, ba wanda ya ce a jefar da shi. Tudu mai ɗan gangare, mita 20 zuwa 30, yana koya wa ƙafa tashi da ƙarfi, kuma saboda ba a kai wa ƙarshen gudu a kansa, tsokar bayan cinya ba ta shan wuya sosai. Shi ya sa ya dace da mako na farko da na biyu. Matsalar tana zuwa ne idan aka tsaya a nan. Wanda ya yi wata guda yana hawa tudu da gudun fanfalaki, bai taɓa sakin ƙafa a shimfiɗaɗɗen fili ba, ranar da aka jefa masa doguwar ƙwallo ya bi ta da iya gudunsa, ranar ce cinya za ta ba shi amsa. Kuma su ƙungiyoyin da ka ambata ba tudu kaɗai suke yi ba, shi ne dai abin da kyamara ke so ta ɗauka.

Fisiyo_Zariya:
Zan tsaya a kan cinyar nan, don ita ce babbar damuwa. Binciken raunuka na UEFA da Farfesa Jan Ekstrand ya jagoranta tun 2001 ya nuna raunin tsokar bayan cinya ya tashi daga kashi 12 cikin ɗari na dukkan raunuka a farkon binciken zuwa kashi 24 a kakar 2021/22. Wasa ya ƙara sauri, wasanni sun ƙara yawa.

Yadda take yagewa: a cikin tsere, daidai lokacin da ƙafa ta miƙe gaba kafin ta taɓa ƙasa, tsokar tana a miƙe kuma tana riƙe da ƙwauri kamar birki. Idan ba ta da ƙarfin wannan riƙon, ko ta gaji, sai ta tsage. Ɗan wasa ya ji kamar an jefe shi da dutse, ya kama bayan cinya, ya ɗaga hannu.

Maganin da ya fi kowane shaida shi ne atisayen Nodik. Ɗan wasa ya durƙusa a kan abu mai laushi, abokinsa ya danne masa idon sawu biyu, ya miƙe jikinsa sambal daga gwiwa zuwa kai, sai ya riƙa faɗowa gaba a hankali yana hana kansa faɗuwa da ƙarfin cinya, idan ya kasa riƙewa ya tare da tafin hannu. Tsarin da aka gwada a kan 'yan wasa 942 a Denmark, aka wallafa a 2011, na mako goma ne. Mako na farko sau ɗaya, zagaye 2 na guda 5. Na biyu sau biyu, zagaye 2 na guda 6. Na uku sau uku, zagaye 3 na 6 zuwa 8. Na huɗu zagaye 3 na 8 zuwa 10. Daga na biyar zuwa na goma, 12 da 10 da 8, sau uku a mako. Bayan nan sau ɗaya a mako har ƙarshen kaka. Raunin ya ragu da fiye da rabi.

Kuskuren da ake yi: a fara da 30 ranar farko. Washegari mutum ba ya iya hawa mataki, sai 'yan wasa su tsani atisayen, koci ya soke shi. Wani kuskuren shi ne lanƙwasa ƙugu, ɗuwawu ya koma baya, nauyin ya bar cinya. Kuma kada a yi shi kwana biyu kafin wasa.

Gunners_Gombe:
Fisiyo, Allah ya ƙara basira. Matsematsi fa?

Fisiyo_Zariya:
Amin ɗan'uwa. Shi nasa atisayen Kopenhagen ne. Ɗan wasa ya kwanta ta gefe ya dogara da gwiwar hannu, aboki ya riƙe ƙafar sama daidai ƙugunsa, hannu ɗaya a idon sawu ɗaya a gwiwa, shi kuma ya ɗaga jiki ya kawo ƙafar ƙasa ta haɗu da ta sama, ya sauke a hankali. A fara da 3 zuwa 5 kowane gefe. Gwajin da aka yi a Norway ya nuna matsalar matsematsi ta ragu da kashi 41 cikin ɗari. Abin lura a share fage: dogayen ƙwallaye da bugun raga su ne ke tayar da wannan ciwon. Mutum ya yi wata guda bai bugi ƙwallo da ƙarfi ba, kada a sa shi jefa kuros 50 a rana ta biyu.

DanDamagaram:
Ku dawo kan PSG mana, ba a amsa wa mai tambaya ba. Ni na ga wasan ne ma ya ba da amsar. Tottenham da suka yi cikakken shiri sun fi su kuzari, suna gaba 2-0 har minti na 85. Lee Kang-in da Gonçalo Ramos, dukkansu daga benci suka shigo, su suka rama, aka tafi fenariti. Wato zurfin benci da gwaninta ne suka cece su, ba wai sun shirya ba.

Koci_MaiUsur:
Haka ne DanDamagaram, kuma akwai ƙari. Wanda ya huta mako uku bai yi asarar abin da wanda ya huta mako shida ya yi ba. Juriya tana fara sauka bayan kamar mako biyu na zaman banza, ƙarfin tsoka ya fi ta daɗewa. 'Yan PSG sun buga ƙwallo mafi tsanani a duniya har tsakiyar Yuli, saboda haka tushen yana nan. Abin da gajeren hutu ke ci ba ya fitowa a wasan farko, sai kaka ta yi nisa, lokacin da gajiyar bara ta hau kan ta bana. Dalilin da ya sa FIFPRO, ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, ta fito a 2025 tana neman a ba kowane ɗan wasa hutun mako huɗu, sannan aƙalla mako huɗu na sake shiri kafin wasan gasa, kenan.

Blues_Fagge:
Mu ma Chelsea haka, kwana 13 kacal tsakanin dawowa atisaye da wasan Crystal Palace na 17 ga Agusta, aka tashi 0-0. Ga ɗan bayanmu Colwill ya tsinka jijiyar gwiwa tun a atisayen farko-farko. Wannan ba gajiyar ba ce?

Dr_Tudun_Wada:
A yi hattara a nan, Malam Blues. Jijiyar tsakiyar gwiwa tana iya tsinkewa ga wanda ya huta sosai ma, idan ƙafa ta kafe a ciyawa jiki ya juya. Raunin mutum ɗaya ba ya zama hujja. Hujja tana cikin yawa. A wancan binciken na UEFA an bi ƙungiyoyi 44 tsawon shekara 15, matsakaicinsu atisaye 30 a share fage, kuma ƙungiyoyin da suka fi yawan atisaye kafin kaka su suka fi ƙarancin kwanakin jinya a cikin kaka. Wannan ita ce amsar ko makonni shida na da amfani.

Tunda an taɓo likita, gwajin da ya fi kowanne muhimmanci a ranar farko shi ne na zuciya. Tarihin iyali, ko ya taɓa suma ko ciwon ƙirji yayin gudu, awon jini, awon bugun zuciya na ECG, in da hali a haɗa da hoton zuciya. Mun rasa Samuel Okwaraji a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 a wasa da Angola, Kamaru ta rasa Marc-Vivien Foé a Lyon a 2003. Eriksen na Denmark, wanda zuciyarsa ta tsaya a fili, ya rayu a 2021 saboda an fara danna ƙirji nan take kuma na'urar farfaɗo da zuciya tana bakin fili. Wannan na'urar a filin atisaye ma ake buƙatarta, ba ranar wasa kaɗai ba.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro kada a jefa shi cikin gudu mai tsanani, jininsa ya ragu, ya dawo mataki-mataki, kuma mai zazzaɓi a jiki ba ya atisaye sam. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon. Suna buga ƙwallo har matakin ƙoli, amma haɗarinsu yana cikin irin gudun nan na ba hutu a kwanakin farko, cikin zafi da ƙishi. Idan irin wannan ɗan wasa ya ce ƙafafunsa sun mutu, ko ya durƙushe, a tsayar da shi, a sanyaya shi, a nemi likita. Kada a ce ragwanci ne.

Maman_Hanifa:
Likita ya gama magana. Ina roƙon Koci ya zayyana mana yadda makonni shidan ke tafiya, don masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi su amfana.

Koci_MaiUsur:
To Hajiya. Kwana biyun farko na gwaji ne: likita, sikeli, tsalle, gudun mita 30, da gwajin juriya. Sauran mako na farko a yi komai da ƙwallo amma a babban fili, 8 da 8 zuwa 11 da 11, zagaye na minti 8 zuwa 10, ba a matsa ba. Mutane suna ɗauka ƙaramin fili ne mai sauƙi, alhali shi ya fi cin gaɓoɓi saboda birki da juyi ba iyaka. Gudu a miƙe a fara da kamar kashi 60 zuwa 70 na iya gudun mutum, mita 50 zuwa 60, guda 6 zuwa 8.

Mako na biyu da na uku su ne masu nauyi. A nan ake shigo da 5 da 5 zuwa 7 da 7, zagaye 4 na minti 4 zuwa 5, hutu minti 2. Gudun miƙe ya hau zuwa kashi 80 sannan 90. Wasan sada zumunta na farko a ƙarshen mako na biyu, kowa minti 45, a canza duka sha ɗaya a hutun rabin lokaci.

Na huɗu, 3 da 3 da 4 da 4, minti 1 zuwa 3 da iya ƙarfi, ƙwallaye a jere a bakin layi don kada wasa ya tsaya. Tsere na gaske ya shigo: mita 30 zuwa 40, guda 4 zuwa 6, hutu minti 2 zuwa 3 tsakani, a farkon atisaye bayan ɗumama jiki, ba a ƙarshe ba lokacin da ƙafa ta mutu. Wasan sada zumunta minti 60. Na biyar minti 75, sannan 90 ga waɗanda za su fara kaka. Mako na shida a rage yawan aiki da kusan rabi amma a bar zafinsa, a koma tsarin makon gasa, a gyara bugun kusurwa da na tazara.

Rana ɗaya ta hutu kowane mako ba ta taɓuwa. Kuma bayan kowane wasa, waɗanda suka buga ƙasa da rabin awa a ba su ƙarin gudu nan take ko washegari, in ba haka ba bayan wata guda za ka tarar kana da ƙungiya biyu, mai ƙafa da marar ƙafa.

Tiki_Taka_Maradi:
Ni ban yarda da gudu ba ƙwallo ba ko kaɗan. Tsarin Vítor Frade na Porto, wanda Mourinho ya shahara da shi, komai da ƙwallo ake yi kuma a cikin salon da ƙungiya za ta buga. Koci Raymond Verheijen ɗan Holland ma da wasanni yake gina juriya. Mai kiɗan kalangu da kalangu yake koyo.

MalamLissafi:
Ɗan'uwa Tiki_Taka, lissafin fili ya ɗan saɓa maka. Fili mai mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne, ka raba wa 'yan wasa 20 ban da gololi, kowa ya samu 357. Wasan 4 da 4 a mita 30 da 20 kuwa kowa 75 yake samu. Ɗan wasa yana buƙatar mita 30 ko fiye kafin ya kai ƙarshen gudunsa, a filin mita 30 yana tashi ya iso layi. Zuciya za ta buga sama da kashi 90 na ƙololuwar bugunta, gumi zai zuba, amma tsere sifili. Ko dai ka buɗe fili sosai, ko ka ƙara tsere daban. Kuma a wasa akwai mai laɓewa, ya tsaya inda ƙwallo ba ta zuwa. A gudun agogo ba wurin ɓuya.

Tiki_Taka_Maradi:
Na karɓi batun tsere. Amma ana iya yinsa da ƙwallo: a jefa ta bayan 'yan baya, ɗan gaba da mai tsaronsa su bi ta daga tsakiyar fili. Ya fi a jera mutane a layi.

Koci_MaiUsur:
Wannan daidai ne, kuma 'yan wasa sun fi sakin ƙafa idan akwai abokin tsere. Sharaɗi dai hutun tsakani ya cika.

Coach_Academy_Bauchi:
Duk wannan na masu GPS ne. Ƙungiyar da ba ta da komai sai usur da agogo fa?

MalamLissafi:
Agogo da tef ɗin awo sun isa. A sa kowa ya yi gudun minti 5 iya ƙarfinsa a zagayen da aka auna. A ce wani ya ci mita 1,400. Raba da daƙiƙa 300, ya ba ka 4.67 a daƙiƙa. Ƙara kashi 20 a kai, ya zama 5.6. Sau daƙiƙa 15, mita 84 kenan. To shi alamarsa tana mita 84: ya gudu cikin daƙiƙa 15, ya huta 15, ya dawo, haka har minti 4, hutu minti 3, zagaye 2 zuwa 3. Wanda ya ci 1,250 alamarsa mita 75. Ka raba ƙungiya gida uku ko huɗu, usur ɗaya, kowa da nisansa. Idan filinka mita 105 ne, daga layin yadi 18 zuwa ɗaya layin mita 72 ne, ka samu ma'auni a shirye.

Na auna nauyin aiki kuma, rabin awa bayan atisaye ka tambayi kowane ɗan wasa shi kaɗai, daga 0 zuwa 10 yaya wahalar yau. Ka ninka da mintuna. Ya ce 7, an yi minti 80, ka rubuta 560. Ka tara na mako. Idan na wannan makon ya yi tsalle nesa da abin da ya saba a makonnin baya, ka ja birki. A keɓe ake tambaya, don a gaban jama'a kowa lambar kyaftin zai maimaita.

Gunners_Gombe:
Gwajin Yo-Yo da ake yawan faɗa fa, ba shi ya fi ba?

Koci_MaiUsur:
Ya fi kama da wasa. Jens Bangsbo ɗan Denmark ne ya tsara shi. Alama biyu mita 20 tsakani, ka je ka dawo kafin ƙarar ta yi, ka huta daƙiƙa 10 kana zagaya alama ta uku mai mita 5 a baya, saurin yana ƙaruwa. Ka makara sau biyu an cire ka. Mataki na ɗaya yana farawa a kilomita 10 a awa, na biyu a 13. Sautin yana samuwa a waya, sai lasifika. A yi shi a mako na farko da na biyar, a fili ɗaya, lokaci ɗaya, takalmi iri ɗaya, in ba haka ba kwatancen ya lalace.

Ga Coach_Academy kuma, tsarin 4 sau 4 na Helgerud, mai bincike ɗan Norway: minti 4 a kashi 90 zuwa 95 na ƙololuwar bugun zuciya, sassarfa minti 3, sau huɗu, sau biyu a mako. A gwajinsu na 2001 a kan matasa a Norway, bayan mako takwas nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20, yawan tserensu ya ninka.

Fisiyo_Zariya:
A ƙara da FIFA 11+, ɗumama jiki na minti 20, ba ya cin ko sisi. An gwada shi a nan gida, a gasar matasa ta Legas, aka wallafa a 2014, raunuka suka ragu da kashi 41 cikin ɗari. Sau biyu a mako aƙalla.

DanDamagaram:
Batun zafi ba a taɓa ba, kuma mu shi ne namu. Jiki yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi. Atisaye mai nauyi a yi shi bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, amma idan gasa ƙarfe huɗu ake bugawa, dole daga mako na uku a riƙa yin wasu a wannan lokacin. A hau sikeli kafin da bayan atisaye. Duk kilo ɗaya da ya tafi a mayar da lita ɗaya da rabi, da ɗan gishiri ko ruwan gishiri da sukari. Wanda ke rasa sama da kashi 2 na nauyinsa, misali kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ba ya shan abin da ya isa. Fitsarin safe ya zama fari-fari, idan ya yi kalar shayi a gyara tun kafin a fita. Filin roba da rana yana ƙona tafin ƙafa, bororo ya fito, kuma sauyawa daga ƙasa mai tauri zuwa roba zuwa ciyawa a mako guda yana tayar da ciwon agara da sharaɓa.

Maman_Hanifa:
Abinci ma haka. Ranar aiki mai nauyi da jajibirin wasa ɗan wasa yana buƙatar giram 6 zuwa 8 na sitaci (sitacin da ke cikin abincin, ba nauyin abincin kansa ba) ga kowane kilo na jikinsa. Mai kilo 70 kusan rabin kilo kenan a wuni, ba a zama ɗaya ba: shinkafa, taliya, tuwo, dankali, doya, ayaba, dabino. Furotin mai gina jiki kuma giram 1.6 zuwa 2.2 ga kilo, a rarraba sau huɗu: ƙwai, wake, kifi, kaza, nono. Fura da nono mai tsabta cikin awa ɗaya bayan atisaye ta haɗa sitaci da furotin da ruwa. Abin da ke ɓata shiri shi ne mutum ya dawo hutu da ƙarin kilo huɗu, ya daina cin abinci yana atisaye sau biyu a rana don ya zubar da su cikin mako guda. Tsoka ce ke tafiya, rauni ya biyo baya. Rabin kilo a mako ya isa.

Gola_No1:
Masu tsaron raga kada a sa su cikin gudun kowa. Nisansu a wasa kusan rabin na sauran ne. Abin da suke rasawa a hutu shi ne sabon faɗuwa a ƙasa da auna ƙwallon sama. A fara faɗuwa daga durƙuso, sannan daga tsugune, sannan a tsaye, kuma a ƙirga bugun gola kamar yadda Fisiyo ya faɗa kan kuros. Gola yana iya buga minti 90 tun wasan sada zumunta na biyu, shi idonsa ne ke neman mintuna.

Bakatsine_77:
Na ji bayananku. Amma a gasar Najeriya wasa 38 ne, da tafiyar mota ta wuni guda ko biyu tsakanin Maiduguri da Fatakwal. Wanda bai sha wuya a sansani ba ba zai ɗauki wannan ba. Har yanzu ina ganin makonnin tsakiyar nan sai an matsa fiye da yadda Koci ya faɗa.

Koci_MaiUsur:
A matsa, Alhaji, amma a san wa ake matsa wa. A sansani ɗaya akwai wanda ya buga wasa 35 bara, akwai wanda ya yi wata biyar ba kulob, akwai yaro ɗan shekara 18 da aka ɗauko daga ƙasa. Aiki ɗaya ga su ukun zai yi wa na farko daidai ya karya sauran biyun. Sannan yawan 'yan gwaji yana cinye mako biyun farko, ana ta wasan tantancewa kullum kowa na neman burge koci da iya ƙarfinsa, ba a fara shirin gaske ba sai saura mako uku. A gama tantancewa kafin a buɗe sansani. Gasannin share fage da ake buga wasa kowace rana ko bayan kwana ɗaya kuma, a raba 'yan wasa gida biyu, don tsoka tana neman kusan awa 72 kafin ta dawo daidai bayan cikakken wasa.

Blues_Fagge:
Na gode ƙwarai. To sabon ɗan wasan da ya zo bayan an fara kaka, babu sauran wasan sada zumunta, ta ina zai samu mintunan?

Fisiyo_Zariya:
Hanya uku ake haɗawa. Wasan cikin gida na 11 da 11 a cikakken fili a tsakiyar mako, ko wasa da ƙungiyar matasa a rufe. Shigowa daga benci, 15 zuwa 20, sannan 30, sannan ya fara a cire shi a minti na 60, wanda canji biyar da aka tabbatar a 2022 ya sauƙaƙa. Sai gudun ƙari bayan an tashi, shi ya sa za ka ga 'yan benci suna tsallaka fili bayan 'yan kallo sun watse. Minti 20 na ƙarshen wasa da ake ci 3-0 ba daidai yake da minti 20 na farko ba, saboda haka lambar tsere ake dubawa, ba agogo kaɗai ba.

Gunners_Gombe:
Wanda ya dawo daga jinyar wata shida fa, shi ma wasa uku zuwa huɗun nan sun ishe shi?

Dr_Tudun_Wada:
A'a, nasa ya fi tsawo. Kafin ya shiga ko minti ɗaya sai ƙarfin ƙafar da ta ji ciwo ya kai aƙalla kashi 90 na ɗayar, ya kai gudun da yake yi kafin raunin ba tare da ciwo ba, ya yi makonni yana cikakken atisaye da karo. Bayan ya dawo ma kada ya buga wasa biyu a mako ɗaya a watan farko. Abin da aka fi gani a irinsu shi ne gwiwar ta riƙe, amma cinya ko sharaɓa ta tafi a wasa na uku ko na huɗu, don su ma sun yi wata shida ba su ga tsere ba. Gwiwa ta kumbura washegari kuwa, a koma matakin baya.